Ledar da Ta Tona Mini Asiri

Kwamfutata ta cinya, wadda ta shekara shida tana bina makaranta, ta fara rigima ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Fankarta ta riƙa ƙara kamar injin markaɗe, gindinta ya yi zafin da ba ya ɗoruwa a cinya, sannan sai ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Haka aka ƙera ta: idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu, idan abin ya ƙi sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Na kalli bidiyo biyu a YouTube, na je kasuwar wayoyi ta Farm Centre na sayo sabuwar fanka da ƙarfen zuƙe zafi, wato bututun jan ƙarfen nan da yake kwanciya a kan furosesa yana kai zafi bakin fanka, na dawo na shaida wa uwargida cewa babu mai cin kuɗina a kan wannan ɗan aiki.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma, na cire batir, na kwance notina. Ƙurar hunturu shida na tarar ta dunƙule kamar bargo a haƙoran tsohon ƙarfen. Na sa sifirit na goge busasshen man da yake kan furosesa, wanda yake miƙa zafinta ga ƙarfen, na ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, na ɗora ƙarfen, na ɗaure notinsa huɗu bisa lambobinsu. Da na rufe sai noti biyu suka yi saura, na yanke hukuncin cewa almubazzarancin masu ƙira ne. Na kunna, ba ta yi minti uku ba ta kurma ihun da ya fi na da, ta mutu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki, injiniya," ta koma kicin.

Washegari na kai ta shagon gyara, na tarar maigidan ya fita, sai yaronsa wanda bai wuce shekara goma sha huɗu ba. Na tsaya na yi masa dogon bayani a kan yadda zafi yake tafiya a cikin jan ƙarfe, na ƙara da cewa ni malami ne, saboda haka na tabbata jabun kaya aka sayar mini. Yaron ya ce, "To, Yallaɓai," ya buɗe ta cikin minti biyar, ya ɗaga ƙarfen, ya juya shi, ya sa farce a gefe ya ɓare wata siririyar leda. A hankali ya ɓare ta, har da ɗan sautinta, sannan ya ɗaga ta sama wajen haske, man da na ɗiga yana maƙale a jikinta. A kanta an rubuta da jan Turanci, manyan baƙaƙe, cewa a cire kafin a ɗora. Da wannan leda a tsakani zafin ba ya isa ƙarfen yadda ya kamata, sabuwar fankar kuwa iskar banza take ta kaɗawa.

Yaron bai yi dariya ba, kuma har gobe ina yi masa addu'a. Wanda ban yafe wa ba shi ne wani dattijo da yake zaune a benci yana cin aya. Ya miƙa hannu ya ce, "Kawo mu gani, yaro." Ya sa tabarau, ya karanta rubutun da ƙarfi, ya fassara shi da Hausa don amfanin jama'a, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, na ji ka ce kana koyarwa. Wane darasi?" Na so in ce lissafi, amma bakina ya riga ni ya ce Turanci. Ya jinjina kai ya ce, "Allah Ya ƙara basira," ya kira mai shagon da ke maƙwabtaka ya sake karanta masa, ya ce wannan daidai yake da mutum ya sha alewa da ledarta ya ce babu zaƙi. Mutumin nan fa wayarsa da ya kawo gyara da roba aka ɗaure ta, gilashinta kamar an taka ƙwai, amma shi ne yake ba da fatawa a kan kwamfuta. Daga ƙarshe ya ninke ledar ya sa a aljihu, wai zai nuna wa yaransa.

Yaron ya sa sabon mai, ya ɗaure, ta tashi shiru kamar ba ita ba. Ina biyan kuɗi ya ce, "Yallaɓai, akwai noti biyu da ban gani ba." Na ce masa zan kawo. Suna nan a faranti a kan firji, murfin kuma yana ɗan girgiza ta ɓangaren hagu idan na buɗe.