Zumunci a ƙafa yake, ku bar mini maganar fulawa

Abin da aka yi mini yau a wajen ɗaurin auren nan shi ya kai ni bango. Mutum ya bari sai da aka shafa fatiha, ana rabon goro da dabino, ƙofar gida cike da jama'a, sannan ya kamo hannuna ya ce, "Ashe kai ma ka zama ɗan zamani, ka yar da uban da ya riƙe ku." Na haɗiye saboda furfurarsa. To amma tunda maganar ta tashi daga majalisa ta shiga WhatsApp, har maiɗakina ana yi mata habaici a islamiyya, bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

E, na daina ɗaukar fulawa da suga na gidan burodina a wajen Alhaji, dilan da muke saye a wajensa tun zamanin babana. Ban yi nadama ba, kuma ba zan koma ba. Canza dila ba butulci ba ne.

Masu ce mini tsohuwar zuma da ita ake magani, ku zo in buɗe muku littafina. Buhu 40 muke kwaɓawa a mako. Tsakanin abin da Alhaji ke rubuta mini da abin da nake biya yanzu akwai naira 2,000 a kowane buhu. Naira 80,000 ke nan duk mako, ban sa suga ba, ban sa bota da yis ba. Ina da yara 11 da ke tashi tun ƙarfe 3 na dare, suna tsaye gaban tanda har gumi ya jiƙa musu singileti, wasu da mata da 'ya'ya. In na ci gaba da zuba wannan kuɗin don kada a ce na yi rashin kara, dole in sallami uku a cikinsu. Wa zai je ya gaya musu? Ku?

Kuma ku ji da kyau, ban ce Alhaji ya cuce ni ba. Bashi yake ba ni, in biya bayan mako biyu, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san kuɗin jira yana cikin farashi tun kafin a ɗora buhu a mota. Sannan shi hannu na uku ne. Kamfani ya ba babban dila, babban dila ya ba shi, shi ya ba ni, kowa da ribarsa, kowa da kuɗin dako da na lodi. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, wannan bai dami kowa ba, ribar burodi tana shanye shi. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500. Aka saki naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Alkamar da ake niƙa mana kuwa yawancinta daga waje ake shigo da ita, inda dala ta nufa nan fulawa ke bi. Gidajen burodi nawa kuka gani an garƙame daga Rigasa zuwa Tudun Wada a nan Kaduna a wannan tsakanin? Ni na san masu su, da wasunsu muka taso.

Sai da na je wajen bawan Allahn nan sau uku kafin in ɗaga ƙafa. Na ƙarshe na tarar da shi a kan benci a bakin sito, carbi a hannu, yaransa na sauke kaya. Na cire takalmi na durƙusa, na buɗe littafin a gabansa. Na ce, "Baba Alhaji, ku duba min nan. In na kawo kuɗi hannu, nawa za ku sauko?" Ko kallon shafin bai yi ba. Ya rufe shi da tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, ni da babanka ba mu taɓa zama da biro ba. Haka muke yi, haka za mu ci gaba." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Na yi masa godiya, na biya ragowar bashina har sisin kwabo a ranar, na tashi.

Mu huɗu masu gidan burodi muka haɗu, biyu a Rigasa, ni a Tudun Wada, ɗaya a Kawo. Kowa ya kawo nasa, mu tura wa babban dila kuɗi gaba ɗaya, a yi mana mota guda, mu raba kuɗin dako. Sai da na sayar da babur ɗina da wani ɗan fili kafin in iya fita daga bashi, kuma watan farko ban yi barcin kirki ba. Na sayi sikeli, yanzu ko suga ko bota ba a zuba wa kwaɓi da ido. Na rage burodin da ke kwana ya dawo mini, don na daina gasa abin da ba a yi oda ba. Ba wani sihiri a ciki, lissafi ne da ya kamata in fara tun shekara biyar baya, kunya ta hana ni. Sabo turken wawa, Hausawa ba su faɗi wannan a banza ba.

Za ku ce shi ya rufa wa mahaifina asiri. Na fi ku sani, a gidan nake. Babana ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da masaƙun suka durƙushe a farkon shekarun 2000, bai zauna yana jiran a buɗe ƙofa ba, ya koyi kwaɓi da furfura a gemunsa, kuma Alhaji ne ya ba shi buhu biyar na farko ba takarda ba shaida. Ba zan manta ba har in koma ga Allah. Shi ya sa duk Juma'a nake zuwa gaishe shi, burodin gidansa na safe daga wajena yake fita kuma ban taɓa karɓar ko naira ba, da ya kwanta bara ni na kwana da shi a asibiti. Zumunci a ƙafa yake. Wannan nauyi ne a kaina ni kaɗai, daga aljihuna zan sauke shi, ba zan ɗora shi a kan albashin yaran mutane ba. Shi kansa Alhajin bai taɓa cewa na ci amanarsa ba. Ku ne kuka ari bakinsa kuke ci masa albasa.

Kuma ku masu maganar nan, ranar da na ƙara naira 50 a kan burodi, ina kuka je? Akwai mai shayi a Bakin Dogo da ya shekara shida yana ɗauka a wajena, ya samu mai sauƙi ya koma can. Na zage shi? Har gobe in na bi ta wajen ina zama in sha shayinsa, don na san shi ma iyali yake ciyarwa. Abin da kuka halatta wa kanku a kan naira 50 shi kuke haramta mini a kan 80,000. Canza dila ba butulci ba ne, ko sau nawa za ku maimaita a majalisa.