Alƙalan Hague na Bakin Shago

Ƙannena samari, yau da ku nake, kuma ku yi haƙuri idan harshena ya yi kaifi. Ran Asabar ɗin nan na shiga wani shagon ɗinki a unguwarmu karɓar kaftanina, sai na tarar da wata dattijuwa tsaye a bakin ƙofa, ta zo karɓar kayan jikokinta na biki. Yaran shagon suna baje a kan benci, kowa ya karkata wayarsa, kunne toshe, yatsu na ta rawa, ana buga PUBG, wasan harbe-harben nan na waya. Mai gidan ya fita sayen zare. Matar nan ta yi sallama, ta sake yi, kafin ɗaya ya ɗago ya ce, "Mama, ki dawo gobe," bai ko duba ba ya mayar da kai. Yadin nata kuwa ga shi can a ninke kan teburin yanka, ko almakashi bai gani ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, da aka gama zagayen wasan, sai hira ta ɓarke a kan Kotun Duniya, wannan yaron da ya sallami tsohuwa da ƙarya shi ne ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa babu adalci a duniyar nan, manyan ƙasashe sun mayar da talaka bawa.

Maganarsa ba ƙarya ba ce, wannan ne ma ya sa abin ya fi ciwo. Kotun Hukunta Manyan Laifuka da ke birnin Hague na ƙasar Holan ta fara aiki a 2002, kuma wanda ta fara yanke wa hukunci a 2012 shi ne Thomas Lubanga na Kongo. Shekaru da dama duk wanda aka gurfanar ɗan Afirka ne, alhali Amurka da Rasha da Sin ba sa cikinta ma, balle ta taɓa su cikin sauƙi. Ta bayar da sammacin kama Umar al-Bashir na Sudan a 2009, ya zo Abuja a 2013 ya koma gida abinsa. Ta bayar da na Putin a watan Maris na 2023, ya je Mongoliya a 2024, ƙasar da take cikin kotun, aka shimfiɗa masa jar darduma. A Nuwamban 2024 ta bayar da na Netanyahu. Kotun ba ta da 'yan sandan kanta, sai wata ƙasa ta ga dama ta kama mata mutum. Duk wanda ya ga gawarwakin yaran Gaza zuciyarsa ba ta motsa ba, to ya binciki imaninsa. Ba na hana ku fushi. Abin da nake tambaya, wa ya ba ka bakin zagin azzalumi alhali haƙƙin tsohuwa yana ninke a kan teburinka? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kuma ko a hirar ma, rabinku ba ku tsaya kun fahimci abin da kuke musu a kai ba. Kotuna biyu ne a garin na Hague. Ɗaya tana shari'ar mutane, ita ce na ambata. Ɗayar kuwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, tana raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa, ita ce ta ba Kamaru yankin Bakassi a 2002, kuma gabanta ne Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila a Disamban 2023. Amma sai ka ji saurayi ya cakuɗa su, yana rantsuwa, ya ɗauko daga wani bidiyon TikTok na daƙiƙa talatin da ya kalla tsakanin wasa da wasa. Lauyoyin Afirka ta Kudu da kuke yaɗa hotunansu, kuna tsammanin a kwance suka haɗa takardun nan? Mutane ne da suka yi shekaru suna karatu, suka zauna kan aikinsu har ya nuna. Kai da aka ba ka wando ɗaya ka kasa kai shi ranar da ka ɗiba, da wane ido za ka kalle su?

Ba telan kaɗai ba ne, kada 'yan ɗinki su ce na tsane su. Je ka wurin mai gyaran waya, ka ba shi ya canja maka gilashi, ya ce bayan La'asar. Ka dawo bayan La'asar ka same shi yana Free Fire, wayarka na cikin durowa, ya ce wai kayan ne ba su iso ba. Je ka wurin mai POS, kana tsaye da kuɗin asibiti a rai, shi kuwa sai ya ƙarasa kashe abokin gabarsa tukuna ya karɓi katinka. Yaron kanti yana auna wa mutum sukari da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya, mudu ya cika ko bai cika ba oho. Har a ofis ma na gani, ma'aikaci da taye a wuya, fayil ɗin ɗan fansho a gabansa, shi yana Ludo da na kusa da shi. Dukkansu in ka buɗe shafinsu na Facebook za ka ga tutar Falasɗinu da dogayen rubuce-rubuce a kan zalunci. Idan kura na maganin zawo ta yi wa kanta mana.

Mai gidan da ya ɗauke ka, ya ba ka keke, ya ba ka mabuɗin shago, yana ciyar da kai da rana, lokacin nan da kake ƙonawa a gem nasa ne, ya saya da kuɗinsa. Wutar da kake cajin waya da ita daga janaretonsa take, man da ya sha kuwa kun san nawa ake sayar da lita tun da aka cire tallafi a 2023. Sunansa ne ke ɓaci in kaya ba su fita ba, ba naka ba. Wannan ba cin amana ba ne? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce alamar munafuki uku ce: in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alƙawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Ku duba "Mama, ki dawo gobe" ɗin nan, duka ukun suna cikinta. Kuma Allah Ya tambayi muminai a Suratus Saffi don me suke faɗin abin da ba sa aikatawa.

Sai kuma tsakaninku da abokai, nan ma abin kunya ne. Ka ranci kuɗi wurin abokinka ka ce mahaifiyarka ba lafiya, ashe data za ka saya da wasu riguna da bindigogin cikin wasa. Riguna na cikin waya, jama'a! Shi yana bin ka wata da watanni, kana ganin kiransa kana ƙin ɗauka, amma yana ganinka kullum dare a kan layi kuna harbe-harbe. A hadisi an ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Kalmar nan dai da kuke jifan Amurka da ita, ita ce a kanku. In ya yi magana a majalisa ku taru ku ce ya cika son kuɗi, ba ya da zumunci. Wanzami ba ya son jarfa. Kuna son a kai shugabannin duniya gaban alƙali, amma in aka ce a zauna gaban mai unguwa a kan dubu biyar, sai ku ce an ci muku mutunci.

Ban ma shiga zancen caca ba, wadda ta bi ta ƙofar ƙwallo ta shigo mana. Daga a buga FIFA a gidan gem wanda aka ci ya biya, an koma a sa kuɗi, daga nan sai cacar waya, yaro ya kwana yana lissafin wasan Ingila da na Sifen da kuɗin cinikin ubangidansa. Ga kuma zagin iyaye da ake yi a cikin wasan, ka ji yaro ɗan gidan mutunci yana ɗura ashar da muryar da ko a tasha ba a yi. Wannan sai wata rana.

Kada wani ya ce Malam ya haramta wasa. Mu ma mun yi langa, mun yi dara a gindin bishiya, mun buga ƙwallon tsumma har Magariba. Amma wasanmu yana da lokacin tashi, ana kiran salla ko aka ƙwala maka kira daga gida, shi ke nan an watse. Wannan na yanzu an gina shi ne don kada ka tashi: in ka fita tsakiyar zagaye ka bar abokanka a hannun maƙiya, in ba ka shiga yau ba ka rasa kyautar yau, in ka yi kwana biyu matsayinka ya sauka. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukanta a 2019. Wanda ya kai ga ba ya jin sallamar tsohuwa, ya tambayi kansa ko shi ke riƙe da wayar ko ita ke riƙe da shi. Ku dai rage. Ku ajiye ta lokacin aiki. Iyaye da masu gida su sa ido, malamai su yi ta faɗa a masallatai, ko Allah Zai sa a dace.

Ni dai abin da ke damuna, mun taso mun ga iyayenmu su ma masu bin labarin duniya ne, ba ku kuka fara ba. Tela yana taka keke, rediyonsa na rataye a ƙusa yana jin Sashen Hausa na BBC ko Muryar Jamus, ya san Mandela, ya san Arafat, ya san abin da ake ciki a Bosniya. Ranar da aka kama Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya da Najeriya ta ba mafaka, wanda ake tuhuma da hannu a yaƙin Saliyo, a Gamboru Ngala a 2006 yana shirin tsallakawa Kamaru, a shagunan nan aka yi ta muhawara, wasu na cewa Najeriya ta ci amanar baƙonta, wasu na cewa alhakin mutanen Saliyo ne ya kama shi. Amma ƙafa ba ta daina taka keke ba, kuma in ya ce maka Alhamis, to Alhamis ce, ko da zai kwana da fitilar ƙwai. Alƙawari kaya ne a wurinsu. Yaron shago ba ya zama in babba na tsaye, balle ya amsa masa kai a sunkuye. In mai gida ya harare ka sau ɗaya, ka gama jin kunya har mako.

Yanzu mai gida ne ke lallaɓa yaro. Na san wani tsohon tela da ya ce mini ya daina yi wa yaransa faɗa a kan waya, don duk wanda ya yi wa magana washegari ba ya zuwa, uwarsa ma ta aiko a ce an takura wa ɗanta. Bayan sati biyu sai ka ji yaron yana gaya wa abokai ai shi ya bar ɗinki, ba ya iya zama ƙarƙashin azzalumi, zai koma harkar kirifto.