Akwai dafin da injin wankin ƙoda ba ya iya kamawa

Shekara biyu ke nan ina raka kawuna wankin ƙoda, sau uku ya kamata a sati amma mu sau biyu muke iyawa, wani satin ma sau ɗaya in aljihu ya bushe. Wallahi ba allurar da ake soka masa ce ta fi tsaya mini a rai ba, ƙaiƙayi ne. Mu dawo gida an ce sakamako ya yi kyau, yuriya, wato ɗaya daga cikin dattin da ke taruwa a jini, ta sauka, amma tsakar dare sai ka ji shi yana goga bayansa da bango, da safe ka ga fatar ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka. Ranar nan na kasa haƙuri na ce "Likita, ba an ce an wanke jinin ba?" Ya ce "Malam, an wanke wanda ya yarda ya fita dai."

Ashe dattin jini iri-iri ne. Yuriya ƙarama ce kuma a sake take yawo, cikin awa huɗu inji na iya kwashe wajen kashi 65 zuwa 70 cikin 100 nata. Amma akwai wasu kamar indoxyl sulfate da p-cresyl sulfate da ƙwayoyin bakteriyar cikin hanji ke samar da tushensu daga furotin ɗin da muke ci, su da sun shiga jini sai su maƙale jikin albumin, wani furotin da ke cikin jini, kamar kaska a jikin saniya, sama da kashi 90 nasu a maƙale suke. Shi kuma albumin ƙato ne, ba ya ratsa matatar inji, ba a ma so ya ratsa don jiki na buƙatarsa, to sai dafin ya zaga inji a goye ya koma jiki lafiya lau. Ƙoda mai lafiya fizge su take yi ta ƙananan bututunta ta zubar a fitsari, inji kuwa tacewa kawai ya iya. Ana danganta taruwarsu da lalacewar jijiyoyin jini da ciwon zuciya, wanda shi ya fi kashe masu wankin ƙoda, ƙaiƙayin ma ana zarginsu da hannu duk da sinadarin fosforos da ke taruwa a jini na da nasa kason.

Shi ya sa maganar abubuwa masu tsotse dafi ta shiga raina. Jini ake bi da shi ta cikin gwangwani cike da ƙananan ƙwayoyin gawayi na musamman ko na roba masu ramuka, dafin da ya saki albumin ya manne musu, sai wani ya sake sakowa shi ma su kama. Ba sabon tunani ba ne, tun 1964 wani likita ɗan Girka, Yatzidis, ya gwada shi da gawayi. Yanzu a China ana haɗa gwangwanin HA130 da injin wanki, a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan kuma suna aikin matata da aka cusa wa gawayin a jikinta.

Ni ina goyon bayan abin nan ɗari bisa ɗari, amma a faɗa wa marasa lafiya gaskiya. Japan ta amince da gawayin sha mai suna AST-120 tun 1991, amma babban gwajin da aka wallafa a 2015 kan mutum wajen 2,000 bai nuna yana rage saurin lalacewar ƙoda ba. Saukar dafi a takardar gwaji daban, ƙarin kwana da lafiya daban, kuma gwangwanin nan ƙarin kuɗi ne kan mutanen da suka riga suka sayar da gona.

Don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya daka gawayin murhu ya ba mara lafiya, ba iri ɗaya ba ne ko kusa, na asibitin ma yana iya tsotse magungunan da mutum ke sha. Shawarar da likita ya ba mu ita ce mu lallaɓa ɗan fitsarin da kawu ke yi har yanzu, don ragowar ƙodar nan tana fitar da abin da inji ya gaza. Tun daga ranar na kwashe ibuprofen da diclofenac da jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa daga ɗakinsa, Inna kuma na roƙe ta kar ta sake karɓar kowace gora sai ta kira ni.