Iskar oksijin magani ce, a saka ta cikin lissafi

Duk wanda ya taɓa jinyar tsohuwa mai ciwon huhu ya san halin da ake shiga. Daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta dafa bango tana haki, sallah ma a zaune take yi. Mutanen gida su ce tsufa ne, ko asma ce, a aika yaro kemis ya sayo maganin tari. Alhali shekara arba'in ta yi tana hura murhu, hayaƙin ɗanyen itace yana cin huhunta a hankali.

Likitoci na kiran wannan cuta COPD, wato toshewar hanyoyin numfashi da ba ta warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. A ƙasashen Turai taba sigari ce kan gaba wajen haddasa ta. A wajenmu kuwa akwai hayaƙin girki, ga ƙurar hunturu, ga tabon da tarin fuka ke bari a huhu ko bayan an gama shan magani.

Annobar korona ta sa jama'a sun san darajar oksijin, kuma na ji daɗin haka. Amma sani kaɗai ba ya cika tukunya. Wanda cutarsa ta yi nisa har iskar jininsa ta ragu sosai, yana buƙatar oksijin aƙalla awa 15 kullum, a gidansa. Na'urar da ke tace oksijin daga iska, da wutar lantarki take aiki. Da an ɗauke wuta ta tsaya, sai a koma janareta, ga tsadar mai. Tukunyar oksijin kuma ta ƙare da tsakar dare, ɗan mara lafiya ya hau babur yana neman inda za a cika masa. Talaka ina zai iya?

A Mayun 2023 ƙasashen duniya sun amince a taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Geneva cewa za su faɗaɗa samar da oksijin, Najeriya ma tana da tsarinta a rubuce. Abin da nake so in gani shi ne inshorar lafiya ta ɗauki kuɗin oksijin na gida kamar sauran magunguna. Asibitocin ƙananan hukumomi su samu na'urar tace iska mai aiki da sola, da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa a auna iskar jini, domin ma'aikacin lafiya ya gane mai haki tun kafin leɓɓanta su canja launi.