Fitsarin da ke kwana a mafitsara

Wata gwaggona ta yi wajen shekara tana fama da ciwon mara da zafin fitsari. A ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta samu sauƙi sati biyu, abu ya dawo. Dare ɗaya sai ta tashi sau biyar, ta fito daga banɗaki tana dafe da mara tana cewa, "Kamar ban yi ba." Babu wanda ya ɗauki wannan magana da muhimmanci sai wata likita da ta ce mata, "Mama, je ki yi fitsari ki dawo yanzu-yanzu." Ta kwantar da ita, ta shafa mata man nan mai sanyi a ƙasan cibiya, ta ɗora na'urar hoto. Minti biyu aka gama. Ashe fitsari ne dankare a ciki, mafitsararta ta sauko tana lanƙwashe hanyar fita.

Wannan gwaji na auna ragowar fitsari a mafitsara nake so mata su sani. Ana yinsa ne cikin minti 10 bayan an yi fitsari, da na'urar hoto, ko da siririyar roba da ake zurawa ta hanyar fitsari idan babu na'ura. Ragowar da bai kai mililita 50 ba lafiya lau ne, ga tsofaffi ma har zuwa 100 ba a damuwa. In ya haura 200, akwai magana. Ruwan da ya kwanta kuwa, ƙwayoyin cuta gida suke samu a cikinsa, kuma in ya daɗe yana iya komawa sama ya taɓa ƙoda.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne mace ta zo da ɗigar fitsari a ba ta maganin da ke kwantar da mafitsara ba tare da an auna ba. Alhali wata ɗigar ambaliya ce, mafitsara ta cika ta batse, maganin nan kuma ƙara riƙe fitsarin zai yi. Ciwon suga da ya taɓa jijiyoyi yana jawo haka, da taurin bahaya, da wasu magungunan mura, da doguwar naƙuda. Mai jego da ta kai awa 6 ba ta yi fitsari ba, don Allah a duba ta.

'Yar'uwa, in kina tashi kina jin saura, ki faɗa wa likita da bakinki, ki nemi a auna. Gwaggo dai da aka gyara mata saukowar, yanzu sau ɗaya take tashi da dare.