Muryar Malam tana ciki amma ta ƙi buɗuwa

Jama'a abin nan ya daɗe yana cina a rai, yau dai sai na faɗa.

Akwai wata ƴar rikoda da Baba ya saya shekarun baya, ƙarama ce kamar kwalin ashana, da ita yake ɗaukar karatun malaminsu a zaure nan Gangare bayan magariba. Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, shi ne Baba ya ce in juye masa karatun a waya ya riƙa saurara. Na jona ta a laftof, ga fayil fayil nan reras ina ganinsu da idona amma ko ɗaya ya ƙi buɗuwa, ashe kamfanin da ya yi ta wani fomat (wato tsarin ajiye fayil) nasa ne shi kaɗai ya ƙirƙira, sai da manhajar da ta zo a faifan CD, faifan kuma ya ɓata tun tashinmu daga tsohon gida. Na kai kasuwar Terminus wajen masu gyaran waya, yaron ya yi ta fama kusan awa guda sannan ya miƙo min ya ce yallaɓai wannan sai dai haƙuri.

Wallahi abin ya min ciwo. Kaset ɗin Baba na da can har yau in ka samu rediyo zai yi magana, amma na zamani ya kulle bakinsa. Kai ka sayi na'ura da kuɗinka, kai ka ɗauki muryar, to don me sai da izinin wani za ka ji kayanka?

Kuma ba wai babu mafita ba ne fa. MP3 ko wace waya tana karantawa, har ƴar rakani kashi da rediyon mota. JPEG tun 1992 ake amfani da shi, hoton da aka ajiye lokacin yau ma zai buɗe. PDF ya zama ma'aunin duniya na ISO a 2008, kuma takardar PDF da ka tura bizines senta tana fitowa yadda ka tsara ta. Sirrin kawai an bayyana yadda aka gina su ne, kowa zai iya rubuta manhajar da za ta karanta, ko kamfani ya mutu kayanka na nan.

Ko caja ma ai haka aka yi ta wahala, sai da Tarayyar Turai ta kafa doka cewa daga ƙarshen 2024 sabbin wayoyi su zo da USB-C, iPhone 15 ma ta koma kai tun 2023. Kenan in an matsa wa kamfanonin suna iyawa.

Ni yanzu ko kyamarar tsaro ce ko rikoda, kafin in taya sai na tambayi mai shago a wane fomat take ajiyewa, kuma a gwada a wayata nan take a gabana. Wasu har haushi suke ji, ba ruwana.

Rikodar tana nan cikin durowa na naɗe ta a leda. Jiya ma Baba ya sake tambayata ko an dace.