Kyautar da ba a biya kuɗinta ba

Malamin da ya shigo ƙarƙashin rubutuna na jiya yana cewa ciwo da lafiya na Allah ne, in daina cusa siyasa a ciki, na ji ka. Na Allah ne, babu mai musu. Ruwan sama ma na Allah ne, amma ban taɓa ganin manomin da ya bar iri a rumbu ya zauna jiran damen hatsi ba. Maganarka ta tsaya mini a rai tun asuba.

Kun dai karanta abin da ya sami ɗan ƙanwata. Ƙarfe sha ɗayan dare, jikin yaro kamar garwashi, idanu sun fara juyewa. Ma'aikaciyar da ke kwanan aiki ta soki yatsarsa ta yi gwaji, ta ce masassarar cizon sauro ce, kuma ta yi ƙarfi. Sai ta buɗe kabad ɗin magani a gabanmu don mu gani da idonmu. Auduga, kwalin safar hannu, da ƙura. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, allurar ta ƙare tun shekaranjiya. Ga takarda, a sayo a waje." Ƙanwata ta juyo gare ni, murya na rawa, ta ce, "Yaya, ba cewa aka yi na yara kyauta ne ba?" Shekararsa uku. Jika bakwai na kashe a daren nan, kuma na gode Allah da ina da su. Matar da ke zaune a benci kusa da mu, da tata 'yar a goye, ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ke ciki har sau biyu, sannan ta ninke takardar ta yi shiru.

Da yawanku kun zagi ma'aikaciyar. Wallahi kun zalunce ta. Ita ce ta riƙe hannun yaron har aka samu jijiya, da fitilar wayarta. Kabad ɗin nan tun daga Yamai aka bar shi fanko.

Tun 2006, zamanin Shugaba Tandja, aka ce a nan Nijar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba ya biya a likitar gwamnati, haka awon ciki, haka tiyatar haihuwa. Abu ne mai kyau, ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san yawansu. To amma ku san yadda tsarin yake tafiya. Likita za ta yi wa yaro magani daga abin da ke hannunta, ta cika takardu ta aika, baitulmali ya mayar mata da kuɗin, da su ne za ta sake sayo wani maganin. In kuɗin ya yi wata shida bai dawo ba, me za ta sayo da shi? Shekara da shekaru bashin nan yana taruwa har ya kai biliyoyin sefa. Tulun da ake ɗiba ba a zubawa, ko nawa ne girmansa sai an ga gindinsa. Kyautar tana nan a takarda, uwa kuma tana tsaye a farmasi da tsakar dare tana roƙon a rage mata.

Abin da nake faɗa ke nan, kuma zan ci gaba da faɗa: ciwon da ke kwantar da yaran Maradi, rabinsa a kan teburin kasafin kuɗi ake rubuta shi.

Mu da muka ga 2005 ba sai an ba mu labari ba. Tantunan Likitoci Marasa Iyaka sun cika da yara masu tamowa, ƙafafu kamar sillen kara, alhali hatsi na nan jibge a kasuwa. Kuɗin sayen tiya ne babu. A shekarar nan kuma aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da sukari da fulawa da ruwa da wuta, sai da jama'a suka rufe garuruwa kafin a sassauta shi. Iyayenmu suna da nasu labarin na Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Na kusa-kusa kuwa, takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024: Najeriya ta yanke wuta, manyan motoci ɗauke da magani da abinci suka maƙale a iyakar Benin. Waɗanda suka sa hannu a takardar suna Abuja, mai ciwon suga da ke neman allurarsa yana unguwar Bagalam a Maradi. Malam, wanne ne a cikin waɗannan ba shawarar mutum ba?

A 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da rabi, ta ce haihuwa kyauta. Na yi murna, har ga Allah, don na san matan da ke haihuwa a ɗaka saboda tsoron kuɗi. Amma tambayata ɗaya ce, ita ce dai ta ɗazu. Rabin da aka ɗauke wa marar lafiya, wa zai mayar wa likita da shi, kuma yaushe? In ba a mayar a kan lokaci ba, kabad ɗin da na gani shekaranjiya shi za mu yi ta gani.

Na san za a ce babu kuɗi, tsaro ya cinye komai. Kada a koya mini zancen tsaro, ina da dangi a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da ba sa barci da ido biyu rufe. Sai dai masassara ma kisa take yi, kowace damina, ba ta ɗauke da bindiga shi ya sa ba a kiran taro a kanta. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi ga lafiya. A 'yan shekarun nan ko kusa ba mu kai ba, ga shi kuma man fetur ɗinmu yana bin bututu yana fita waje. Masu cewa laifinmu ne da muke haihuwa da yawa, ku ajiye wannan zuwa wata rana. Yaron da ke suma a goye an riga an haife shi.

Kuma lafiya ba a ƙofar likita take farawa ba. Ku zaga unguwanninmu bayan an ɗauke ruwa, ku ga kwatocin da suka toshe, ruwa kwance kore shar har sati biyu, sauro na ƙyanƙyasa a ƙofar gida. Kwalarar 2018 da ta fi tsanani a Madarunfa daga ruwan sha da rashin masai ta taso. Kuɗin famfo da na yashe kwata, kuɗin magani ne da aka biya tun kafin ciwo ya zo.

Yaron ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, yau har ya sha koko.

Sannan don Allah ina cigiya. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke mu a daren, shi ya kai ni farmasi uku kafin mu samu allurar, ya tsaya har aka ɗaura wa yaron ruwa. Na shiga ciki in duba shi, na fito in sallame shi na tarar ya tafi. Ko sunansa ban tambaya ba. Man da ya ƙona kaɗai ba kaɗan ba ne. In ya ga wannan rubutun, ko wani abokinsa ya ji ya ba da labarin, ya yi mini magana, kuɗinsa na nan a ajiye.